Darasi na Bakwai: Zaɓen Fulogi da Canza Shi

Fulogi ƙaramin abu ne, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, amma da shi injin fetur yake tashi. A cikin silinda, wato ramin da mai yake ƙonewa a cikin inji, fetur yana gauraya da iska, fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a ramin, ya matse su, sai fulogi ya yi tartsatsi a bakinsa, su kama da wuta. Ƙarfin wannan wutar ne yake juya inji. Yawancin injuna masu silinda 4 fulogi 4 gare su. Injin dizal kuwa ba ya aiki da irin wannan fulogi, don haka darasinmu na motar fetur ne.

Idan fulogi ya gaji, mota takan yi gardamar tashi da safe, inji ya riƙa karkarwa a tsaye, ka taka totur ta yi nauyi, ga shan mai.

To, wanne za ka saya? A nan mutane da yawa suke kuskure. Sai mutum ya ɗauki wanda ya yi kama da nasa a ido, alhali kama da wane ba ta wane. Kowane fulogi yana da lamba a jikinsa, galibi a kan farin tangaran ɗinsa, kuma littafin mota ya faɗi lambar da ta dace da injinka. Karatun da kake koyo zai yi maka rana a nan. Duba wannan lambar ta kamfanin NGK: BKR6E-11. Karanta ta harafi-harafi. Lamba 6 tana nuna yadda fulogin yake zubar da zafi. A wajen NGK, in lambar ta ƙaru, ya fi saurin hucewa. Kamfanin Bosch kuma akasin haka yake lissafi, shi ya sa ba a kwatanta lambobin kamfani biyu da ka. Ita kuma 11 ta ƙarshe tana nufin ratar bakin fulogin milimita 1.1 ce.

Kada ka raina tsawo. Fulogin da haƙoransa, wato wurin da ake murɗawa cikin inji, suka fi na asali tsawo yana iya dukan kan fistin, kuma wannan ɓarna ce babba. Wanda ya gaza tsawo kuma ba ya ƙona mai yadda ya kamata. Akwai na jan ƙarfe, mai araha, da akan canza bayan kamar kilomita 30,000. Akwai na filatinum da na iridiyam masu tsada, waɗanda sukan kai kilomita 100,000. In littafi ya ce iridiyam, kada ka koma na ƙasa da shi don rangwame. Jabu ma suna yawo a kasuwa, sai ka saya a hannun wanda ka amince da shi.

Yanzu sai aiki. Kashe mota, ka bar inji ya huce sarai, domin kan injin yawancin motocin yau alminiyam ne, yana da laushi, haƙoransa sukan lalace in an kwance da zafi. Tanadi sifanar fulogi, galibi mai lamba 16 ko 21. Cire waya ko koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta, na fulogi ɗaya tak. Kama kan robar, kada ka ja wayar. Hure ƙurar da ke ramin tukuna, don kada yashi ya faɗa cikin silinda. Sannan ka kwance ta hagu. Sai ka gama da ɗaya za ka taɓa na gaba, don in wayoyi suka cuɗe, inji ba zai tashi daidai ba.

Kafin ka yar da tsohon, kawo shi kusa da idonka. In bakinsa mai launin toka ne ko ƙasa-ƙasa, inji lafiya. Baƙin hayaƙi busasshe yana nuna mai ya yi wa iska yawa, wataƙila matatar iska ta toshe. In ka shafa ka ji danshin baƙin mai a yatsa, man inji ne yake shiga silinda. Sabon fulogi ba zai magance wannan ba, sai bakanike ya duba. Fari fat mai ƙuraje kuwa zafi ne ya yi yawa.

Wurin ɗaura sabo, ina roƙonka, fara da hannu. Murɗa shi da yatsu a hankali ta dama. In ya cije tun farko, ya hau a karkace ne: warware, ka sake. Sifana ba ta jin abin da yatsa yake ji, za ta tura shi da ƙarfi ta cinye haƙoran inji. Sai ya zauna daram, sannan ka sa sifana ka ƙara kamar rabin zagaye, in sabo ne mai wosha, wato ɗan zoben ƙarfen da ke gindin haƙoransa. Mayar da wayar har ka ji ta kama.

Aikin gida: nemo tsohon fulogi, ka kwafi lambar jikinsa a littafinka, ka rubuta launin bakinsa a ƙasa, ka zo da shi aji.