Bakin yaro a garin baƙunta: ga 'yan'uwana da suka tare Kano da goyo

Ranar da muka tsallako iyakar Jibiya daga Maraɗi, ɗana na fari yana goye a bayana, watansa tara, bakinsa bai hutawa da "ba-ba-ba" da "da-da-da". Abin da ya cika min kai a lokacin kuɗin haya ne da canjin sefa zuwa naira. Maganar bakin yaro ko a lissafi ban sa ta ba. Sai da ya cika shekara biyu a ɗakinmu na Kurna, kalmominsa ba su kai yatsun hannu biyu ba, sannan hankalina ya tashi. Aka duba kunnensa, lafiya lau. Likitar ta yi min tambaya ɗaya da har yau nake jin ta: "Maman yaro, da wa yake yini?"

Da ni yake yini, sai talabijin. Babansa yana fita Kantin Kwari tun safe, ba ya dawowa sai bayan magariba. Ni kuwa, shi ne ɗana na fari, ga kunya irin ta gida, ko sunansa ba na kira, balle in zauna ina yi masa wasa. A Maraɗi wannan kunyar ba ta cutar da yaro, domin kaka tana nan tana kiransa mai gidanta, goggo tana yi masa rawa a cinya, yaran tsakar gida suna ta tsokanarsa. Bakuna goma ne a kansa. A Kano kuwa, bayan ƙyauren gidan haya, bakin nan goma ya koma ɗaya, shi ma a rufe. 'Yar'uwa, in kin zo da ɗan fari, ki ajiye kunyar nan a ƙofar ɗaki. Surukarki ba ta nan, babu mai ganinki.

Yaro ba a allon talabijin ko waya yake koyon magana ba, a amsa yake koyonta. Ya yi gwaranci, ki amsa masa, ya ƙara, ki ƙara. Tun yana ciki a watannin ƙarshe yana jin muryarki. Wajen wata biyu zuwa uku zai fara guɗa 'yar murya yana murmushi, wajen wata shida gwaranci ya kankama, kafin shekara ya fara nuna abu da yatsa yana waiwayarki ya ga ko kin gani. Nunin nan magana ce, kada ki raina shi. In ya nuna akuya, ki ce "akuya ce, ga ta can tana cin dusa." Kalmar farko takan fito wajen shekara ɗaya, zuwa shekara biyu kuma yawancin yara sun tara kalmomi kamar hamsin, sun fara haɗa biyu: "Mama ruwa", "Baba tafi". A shekara uku baƙo ma yana gane akasarin abin da yake faɗa. Wani yakan yi sauri, wani ya ɗan yi nauyin baki, duk akwai.

Ba sai kin ware lokaci ba. Kina wanke-wanke ki riƙa faɗin abin da kike yi, kina yi masa wanka ki kira hannu, ƙafa, cibiya. Da dare, maimakon a miƙa masa waya, a ce "ga ta nan ga ta nanku", ko da bai iya cewa "ta zo mu ji ta" ba tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Dalilin a fili yake, waya tana surutu amma ba ta jiran amsar yaro. Kiran bidiyo da kaka daban ne, domin ita tana amsa masa. Kuma ki buɗe ƙofa ya fita cikin yaran maƙwabta, in gidan na mutane da yawa ne ma kin ci riba.

Sai maganar harshe, wadda ta fi ci min rai. Za ki ce "mi kake so", ko "biyat", ko "tahi", maƙwabciya ta yi dariya ta maimaita. Za ki ce "lakwal" maimakon makaranta, ko "mushe" maimakon malami, a tsaya ana kallonki. Na ga matan da wannan dariyar ta sa suka rage magana da 'ya'yansu a gaban mutane, na ga kuma waɗanda suka koma yi wa yaro guntun Turancin da su kansu ba su iya ba, wai don ya shiga makarantar kuɗi da ƙafar dama. Duka biyun asara ce. Ki yi masa Hausar da ta fi zama a bakinki, wadda kike iya zolaya da faɗa da lallashi da ita. Kananci zai kwasa a layi cikin 'yan watanni ba tare da kin koya masa ba, har ya dawo yana gyara miki. Turanci yana jiransa a makaranta, Larabci a islamiyya. Jin harshe biyu ko uku ba ya jawo jinkirin magana, kuma in ya cakuɗa su a jimla ɗaya ba ruɗewa ya yi ba, zai rarrabe da kansa. Wasu makarantun kuɗi suna hana yara Hausa a harabarsu, har da tara. Wannan dokarsu ce, kada ta biyo shi gida. In babban yaronki ya fara karatun Faransanci kafin ku taho, kada a bar shi ya zube, domin gida ba ya nisa.

Tsamin baki, irin yaro ya ce "luwa" maimakon "ruwa", ko ya kasa fitar da "ƙ" da "ts", ba abin tashin hankali ba ne a ƙananan shekaru. In'ina ma takan zo tsakanin shekara biyu da biyar, da yawa kuma takan wuce. Kada a kwaikwaye shi, kada a ƙarasa masa magana. Kuma don Allah kada a kira wanzami ya cire beli saboda nauyin baki, beli ba shi ke riƙe magana ba.

Wanda ba a jira da shi shi ne yaron da ya shekara ba gwaranci, ba nuni, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ya kai wata goma sha takwas ba kalma ko ɗaya, ko ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko kuma kalmomin da ya iya suka ɓace. A fara da duba kunne, musamman in ya taɓa yin sanƙarau, ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko kunnensa yana zubar da ruwa. Akwai asibitin yara na Hasiya Bayero da asibitin Murtala a cikin gari, akwai kuma sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. In ta tabbata ba ya ji, akwai makarantar masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki, kuma a fara maganar hannu da shi tun yana ƙarami. Ki tafi da katin rigakafinsa na Nijar, ki kuma rubuta kalmomin da yake faɗa a takarda kafin ki je, domin a gaban likita da wuya ya buɗe baki.