Hasashen furojat ɗin yaro: inda ake yawan kwafsawa

In malamin kimiyya ya ce yara su kawo furojat, wurin da ake fara kwafsawa shi ne layin hasashe, wato abin da yaro yake zaton zai faru kafin ya yi gwajin. Mu ɗauki shuka wake a gwangwani tunda shi kowa ke yi.

Da yawa tambaya suke rubutawa, wai "shin wake yana buƙatar rana?" Ai hasashe amsa ce da yaro zai bayar tun bai gani ba. Wasu kuma su rubuta "waken da ke rana zai fi kyau", to kyau da me malam zai auna shi? A sa abin da rula za ta auna: "Idan na ajiye wake a rana zai fi na cikin kabad tsawo bayan kwana 10, saboda shuka da hasken rana take haɗa abincinta."

Sai canza abu biyu lokaci ɗaya, na rana an zuba masa taki ana ba shi ruwa safe da yamma, na kabad kuwa sai an tuna da shi, to in an ga bambanci wa za a ɗora wa, rana ko taki? Ƙasa iri ɗaya, ruwa kofi ɗaya, haske kawai za a bambanta. Kuma a yi gwangwani uku-uku don wani ƙwayar ba ta tsirowa.

Wanda ya fi ba ni haushi dai na iyaye ne. Waken duhu sau da yawa shi ke fin tsawo, ya miƙe zalalo siriri, ganyen ƙanana rawaya-rawaya, don miƙewa yake yana neman haske, na rana kuma gajere kore shar. Sai uwa ta ga hasashe bai yi daidai ba ta ɗauko kilina a goge a rubuta sabo da daddare. Haba Maman yara! Ku bar shi yadda yake, yaro ya rubuta a ƙasa da hannunsa cewa gwaji bai goyi bayan hasashensa ba, ya sa tsawon kowanne da santimita, ya faɗi launin ganye. In malam ya tambaye shi dalili a gaban aji zai iya bayani, tunda shi ya buɗe kabad ɗin ya gani.