Yadda za ka duba gidan kula da tsofaffi kafin ka kai naka, da bayan ka kai shi

Shekaru na yi ina aikin dare a gidajen kula da tsofaffi, kuma sau da yawa dangi kan tare ni a bakin ƙofa su ce, "Don Allah ki faɗa mana tsakani da Allah, ana kula da su a nan kuwa?" Ba na iya buɗe baki sosai ina tsaye kusa da ofishin manaja. Amsar da na riƙa haɗiyewa ita nake rubutawa yanzu, domin wanda lalura ta sa zai kai mahaifinsa ko mahaifiyarsa irin wannan gida, da wanda ya riga ya kai.

Fara da takarda, ita ce mai sauƙi. Nemi a nuna maka lasisin gidan da rahoton binciken hukuma na baya-bayan nan. Ba alfarma kake roƙo ba. A Ingila, tun 2015 doka ta wajabta wa kowane gida ya kafe sakamakon da CQC, hukumar da ke binciken irin waɗannan gidaje, ta ba shi inda mai shigowa zai gani, kuma matakai huɗu ne: ya yi fice, yana da kyau, yana buƙatar gyara, ko ya gaza. A Amurka, dokar gyaran gidajen jinya ta 1987 ce ta kafa tsarin da ake bi. Masu bincike na jiha kan faɗo gida ba tare da sanarwa ba, bai kamata tsakanin zuwa da zuwa ya wuce wata 15 ba, kuma dole gidan ya ajiye sakamakon inda mazauna da danginsu za su iya karantawa. Ostireliya ta fara ba gidaje taurari na auna ingancinsu a Disambar 2022. Ko a wace ƙasa kake, gano hukumar da ke ba da lasisin, ka nemi rahoton daga wajenta. Idan ka tambayi manaja ya fara kame-kame, ka riga ka samu amsarka ta farko.

Da rahoton ya shigo hannunka, kada idonka ya tsaya kan sakamakon da aka rubuta da manyan haruffa. Dubi kwanan wata tukuna. Wani bita da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi a 2024 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da CQC ke da hurumin dubawa ba a taɓa ba su sakamako ba, wasu kuma nasu ya kwana biyu ƙwarai. "Yana da kyau" na shekara huɗu da suka wuce labarin wani gida ne daban idan manaja ya canja, ko an sayar da gidan, ko tsofaffin ma'aikata sun watse. Don haka tambayi yaushe manajan yanzu ya kama aiki. Gidan da ya yi manaja uku cikin shekara biyu, akwai abin da ke korar su.

Sannan samo rahotanni biyu ko uku a jere ka ɗora su kusa da juna. Kowane gida ana samun sa da kuskure, wannan ba ya tayar mini da hankali. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne kuskuren da ya dawo. Idan an ce takardun magani ba su cika ba a bana, ka duba ka ga haka aka ce a wancan zuwan, to an yi alkawarin gyara ba a cika ba, kuma haka za a yi maka idan ka kawo kuka. Ga wanda ke duba taurarin da Amurka ke ba gidajenta a shafin gwamnati na Care Compare, ka sani kashi uku aka haɗa: binciken masu zuwa da ƙafarsu, yawan ma'aikata, da ma'aunin inganci. Na ukun akasari daga bayanan da gidan ya miƙa da kansa ake fitar da shi. Ni na fi ba biyun farko nauyi.

Amma mai bincike kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki yake yi ya tafi. Sauran shekarar, idon da ke kan gidan naka ne da na ire-irenka.

Je sau biyu. Na farko ka bari su zaga da kai, su nuna maka falo da furanni. Na biyu ka je ba tare da ka faɗa ba, da yamma liƙis ko a ƙarshen mako, lokacin da manaja ba ya nan. Zauna a lungun da ɗakuna suke. Idan ƙararrawar kira ta yi ƙara, dubi agogonka, ka ƙirga mintin da za a yi kafin wani ya amsa. Tambayi wata mai kula, ba manaja ba: "Ku nawa ne da dare, tsofaffi nawa?" A wani gida da na yi aiki mu biyu ne kan mutum talatin da 'yan kai a hawa biyu. Akwai waɗanda sai mutum biyu ke iya juya su, kuma duk lokacin da muka shiga ɗakin ɗayansu, ɗaya benen babu kowa. Ina jin ƙararrawa na kira a sama hannuna na riƙe da kafaɗar wani a ƙasa. Idan kana son ma'auni, Ostireliya ta ɗora wa gidajenta zama da cikakkiyar nas dare da rana tun Yulin 2023, a Oktoban 2023 kuma ta fara da matsakaicin minti 200 na kulawa ga kowane mazauni a rana, 40 daga ciki na nas, kafin ta ƙara adadin a Oktoban 2024. Ko dokar inda kake ba ta kai nan ba, ka samu abin da za ka auna amsarsu da shi.

Idan naka yana ciki, dubi fatarsa da idonka. A nan nake so ka daɗe. Gyambon kwanciya yana fara ne inda ƙashi ya danne fata a kan katifa: diddige, ƙasan gadon baya, kwatangwalo, gwiwar hannu. Littattafai kan ce a nemi ja, amma a baƙar fata ba ja yake fitowa ba. Wurin kan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ka taɓa ka ji ɗumi, ko tauri, ko laushi kamar ruwa ya kwanta a ƙasa. Wani dare ina canja wa wani dattijo safa ya janye ƙafarsa. Na ce, "Baba, ciwo take yi?" Ya ce, "A'a 'yata, ba komai." Na ɗaga ƙafar na haska. Diddigen ya yi baƙi kamar faɗin kwabo, fatar ba ta fashe ba tukuna. Na ɗauko takardar juyi da ke rataye a gadonsa, ta nuna an juya shi kowane awa biyu tun safe, da biro ɗaya, rubutu ɗaya, har da sa'o'in da mai rubutun ta riga ta tashi daga aiki. A zama ɗaya aka cike ta. Mai bincike da zai zo bayan wata shida zai ga takarda ta cika tsaf. Diddigen kuwa sai wanda ya cire safa. Jagorar lafiya ta Ingila ta ce wanda ke cikin haɗarin gyambon a canja masa kwanciya aƙalla kowane awa 6, wanda haɗarinsa ya yi yawa kowane awa 4. Roƙi izinin tsohonka, ka cire safar. Dubi kuma ko kofin ruwa na inda hannunsa zai kai, ko kayansa sun fara yi masa yawa.

Lura da barci. Tsohon da makon jiya yake hira, yau ka tarar kansa a sunkuye da tsakar rana yawu na zuba, nemi a nuna maka jerin magungunansa, ka tambayi wane ne sabo, wa ya rubuta, don me. Tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa wasu magungunan taɓin hankali na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa. Akwai inda likita zai ga dole ne, amma "yana damun mutane da dare" ba dalili ba ne.

Ginin kansa ba zai ci maka minti goma ba. A Janairun 2004 gobara ta tashi daga wani kabad a gidan Rosepark da ke Skotland, tsofaffi 14 suka rasu. Binciken kotu ya gano ƙofofin ɗakuna da dama a buɗe suke hayaƙi ya shiga, an kuma yi jinkirin kiran 'yan kwana-kwana. Don haka duba ko an tokare ƙofofin hana wuta da kujera ko katako, ka tambayi mai aikin dare yaushe ta yi atisayen gobara na ƙarshe. A Satumbar 2017 guguwar Irma ta kashe na'urar sanyaya wani gida a Florida, zafi ya hallaka aƙalla mutum 12, daga baya jihar ta wajabta wa gidaje ajiye janareta. Tambayi me suke yi idan wuta ta ɗauke. Tara hannunka a famfon wanka, a Birtaniya ba a so ya wuce digiri 44. Tura tagar bene, kada ta buɗe fiye da santimita 10.

To idan ka ga abin da bai kwanta maka ba? Rubuta shi a ranar: kwanan wata, lokaci, abin da ka gani, wa ka gaya wa, me ya ce. Hoton gyambo, da izinin mai shi, ya fi dogon bayani. Kai wa manaja a rubuce, ka nemi amsa a rubuce da ranar da za a gyara. Ƙorafin baki a tsakar gida yake mutuwa, na ga haka ba sau ɗaya ba.

Idan ba a gyara ba, fita waje, amma ka san ƙofar da za ka buga. A Ingila CQC na karɓar bayani tana amfani da shi wajen yanke inda za ta je, sai dai ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya. Zargin cin zarafi ko sakaci sashen kare manya na ƙaramar hukuma ake kai wa, ƙorafin da gida ya ƙi sauraro kuma ofishin mai sauraron koke-koke na ƙananan hukumomi da kula da jama'a. A Amurka hukumar binciken jiha na bin ƙorafi, kowace jiha kuma tana da mai sauraron koken mazauna gidajen tsofaffi, kyauta. A Ostireliya za ka iya kai kuka hukumar da ke sa ido kan gidajen tsofaffi ba tare da ka faɗi sunanka ba. Idan rai na cikin haɗari a lokacin, kira motar asibiti ko 'yan sanda kafin komai.

Na san abin da ke hana mutane magana: tsoron kada a huce a kan tsohonsu bayan sun tafi. Tsoro ne na gaskiya, ba na raina shi. Abin da na gani da idona shi ne wanda danginsa ke zuwa suna tambaya suna rubutawa, shi ake fara juyawa idan hannu ya yi kaɗan. Babban kwamitin binciken da Ostireliya ta kafa a 2018 ya karɓi bayanai sama da 10,000 daga jama'a, ya sa wa rahotonsa na wucin gadi suna Sakaci, ya fitar da shawarwari 148 a 2021, kuma daga cikinsu aka samo dokar nas ɗin nan ta dare da rana. Ka yi wa masu kular magana da mutunci, yawancinsu gajiya ce ta yi musu yawa, wasu ma suna addu'ar a samu wanda zai kai ƙarar ƙarancin ma'aikata domin su ba sa iyawa. Bayan ka miƙa takardarka, ajiye kwafi, ka rubuta ranar da suka yi alkawari. Idan ranar ta zo, koma da yamma ba tare da sanarwa ba, ka sake cire safar.