Kurakuran da ke sa tallafin noma ya wuce mu

Na gaji da zaman majalisa a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Ghana, ina jin magana ɗaya: “Gwamnati ta raba, mu ba mu gani ba.” Wani lokaci gaskiya ne. Amma tun da aka ƙaddamar da shirin tallafin noma na Planting for Food and Jobs a Goaso a 2017, lokacin da gwamnati ke ɗaukar rabin kuɗin taki, nake bin wannan harka, kuma yawancin asarar da na gani da hannunmu muka jawo ta. Har da ni.

Mu fara da lambar waya, don ita ce ta ƙone ni. Gonar masarata tana wajen Atebubu, ni kuwa ina Kumasi wurin kasuwa. Ranar da malamin gona ya zo rajista ba na nan, sai na ce wa yaron da ke kula mini da gonar ya ba da tasa lambar, ai duk ɗaya ne. Ashe ba ɗaya ba ne. Lokacin da fari ya cinye amfani a 2024, aka ce za a tallafa wa manoma ta momo, wato tura kuɗi ta waya, ni ina zaune ina jiran ƙarar waya. Yaron ya riga ya bar aiki ya koma garinsu, layin ma ba ya shiga. Ko kuɗin ya shiga can ko bai shiga ba, har yau Allah ne masani. Wa zan kama? Ni na ce a rubuta. Kai da gonarka, da guminka, ka sa lambar wani saboda ƙyuyar shiga mota ta yini guda! Yanzu ina da layi ɗaya da na yi wa rajista da Ghana Card ɗina, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ba na ba kowa aronsa, ko ɗana na cikina.

Suna ma haka. A zango kowa Baba ne, ko Ɗanladi, ko Alhaji Tanko, amma a katinka Abdullahi aka rubuta. Kwamfuta ba ta san laƙabi ba, ba ta san Mohammed da Muhammad mutum ɗaya ne ba. Ni ba na faɗin sunana da baki wurin rajista. Katin nake miƙawa, in tsaya a kai har a kwafa, sannan in ɗauki hoton takardar.

Sai kuma 'yan damfara masu kira su ce daga ofishin gona suke, kuɗinka ya fito, ka faɗi lambar sirri ko ka danna amincewa. Haba ’yan’uwa! Tun yaushe mai ba ka kuɗi yake buƙatar lambar sirrinka? Kashe wayar kawai.

Wani kuskuren da ke ba ni haushi shi ne ɗaukar kowane buhu a matsayin kyauta. Kashi na biyu na shirin Planting for Food and Jobs, wanda aka buɗe a Tamale a 2023, a lokacinsa bashin kayan noma ne: ka karɓi iri da taki, ka biya bayan girbi. Na san waɗanda suka karɓa suka sayar da takin NPK ɗin a kasuwa suka yi hidimar suna, lokacin biya ya zo suna ɓuya kamar ɓera. Tambayi malamin gona tun kafin ka dangwala yatsa: wannan rangwame ne, bashi ne, ko kyauta?

Kada ka ƙara yawan eka wurin rajista, ana iya zuwa a auna. Kada ka jira takin gwamnati kafin ka zuba na farko. Ni kullum ina sayen buhu biyu da kuɗina in ajiye, domin masara ba ta jiran motar kowa.

Kuma da aka ƙaddamar da sabon shirin tallafin noma na Feed Ghana a Techiman a 2025, da yawa sun zauna, wai sunansu na nan tun na baya. Ni da ƙafata na koma ofishin gona na gunduma na ce a duba mini, lambar yaron nan ce ke nan zaune a gaban sunana.