Yadda za ka karanta Attaura irin karatun malaman Yahudawa

Duk mai son ya gane yadda Yahudawa ke ciro tarbiyya da tsoron Allah daga Attaura, ko ɗalibi ne a KASU ko mai zuwa nazarin Littafi a coci a Sabon Tasha ko kawai son sani ne, to ya fara da sanin cewa su fa ba sa karanta aya ita kaɗai, kullum da sharhi a gefenta. Wanda yaransu ke farawa da shi na Rashi ne, malamin garin Troyes a Faransa da ya rasu a 1105. In kana da data ka shiga shafin intanet na Sefaria, kyauta ne, akwai sharhin da fassarar turanci, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya kasance a hannunka.

Kar ka ce sai ka cinye sura guda a zama ɗaya. Aya ɗaya ta ishe ka, ka tsaya kanta ka yi ta tambaya. Gwada da Littafin Firistoci na Attaura, 19:14, inda aka hana sa wa makaho abin tuntuɓe a gabansa, sannan aka ce ka ji tsoron Allahnka. To mutum nawa ne za su ajiye wa makaho dutse a hanya? Rashi ya ce har da wanda ya makance a wata harka, ka ba shi shawarar da ka san za ta cuce shi, kamar ka ce masa sayar da gonarka ka sayi jaki alhali kai ne ke harin gonar. Mu a nan sai ka tuna dillalin da zai ce wa mutum sayar da filinka na Rigasa ka sayi keke napep, shi kuwa tuni ya shirya mai saye. Tsoron Allah da aka ambata a ƙarshen ayar kuma don ba wanda zai iya kama ka ne, za ka ce ai alheri na nufa, Allah kaɗai ya san abin da ke zuciya. Wallahi wannan wurin yana taɓa ni sosai.

Sannan ka nemi abokin karatu. A makarantunsu bibbiyu ake zama, wannan ya kawo fahimta wancan ya ƙalubalance shi, kuma ba a ɗaukar hakan rashin ladabi, Ibrahim ma ai ya yi ta roƙon Allah kar ya hallaka Saduma in an sami masu adalci a cikinta, daga mutum 50 har zuwa 10.

Yawan dokoki kar ya razana ka. Sun ƙirga 613, umarni 248 hani 365, malaminsu Musa bin Maimun da ya rasu a Masar a 1204 ya jera su da Larabci. Amma Talmud, babban kundin koyarwar malamansu, ya kawo cewa annabi Mika ya tattara su a uku, adalci da son jinƙai da tafiya da Allah cikin tawali'u, Habakuk kuma ya mai da su ɗaya, mai adalci zai rayu da bangaskiyarsa.

In ka gama, ka duba wa ka taɓa cuta da irin abin da ayar ta hana. A wajensu azumin Yom Kippur, ranar neman gafara, ma ba ya goge laifin da ke tsakaninka da mutum sai ka je ka nemi yafiyarsa, in ya ƙi ka koma da mutane, har sau uku.