Yadda Za Ka Ci Kwas ɗin Sifaniyanci na Matakin Tsakiya a Jami'a

Shekarar farko ta koyon Sifaniyanci daɗi gare ta. Gaisuwa ce, da ƙidaya, da sunayen abinci, kana haddacewa kana samun maki. A shekara ta biyu ne labari ke sauyawa. Wannan shi ne matakin tsakiya, wanda jami'o'in Amurka da yawa ke sa wa lamba 201 da 202, kuma a ma'aunin harsuna na Turai, mai hawa shida daga A1 zuwa C2, burinsa shi ne ya kai ɗalibi wajejen B1. Malama za ta shigo ta fara zuba Sifaniyanci tun daga gaisuwa har a tashi, ta kuma sa ran ka mayar mata da shi. A nan ba a tambayarka ko ka san kalma. Ana so ka ba da labarin abin da ya faru jiya, ka faɗi ra'ayinka, ka kare shi, ka rubuta shafi guda mai kai da gindi.

Ga yadda za ka bi da shi, musamman idan Hausa ce harshen da ka tashi da shi.

Mataki na farko: karanta takardar tsarin kwas kafin komai

A ranar farko malami zai raba takardar da ta ƙunshi jadawalin zango, ranakun jarrabawa, da yadda ake raba maki. Yawancin ɗalibai cusa ta suke yi a jaka. Kai zauna ka karanta ta da biro a hannu. A kwas ɗin harshe, ba kasafai babbar jarrabawar ƙarshe ke ɗauke da mafi yawan maki ba. An yayyanka makin ne: halartar aji da yin magana a ciki, aikin gida na intanet, ƙananan gwaje-gwaje, insha'i biyu ko uku, jarrabawar baka, wani lokaci da gabatar da jawabi a gaban aji. Kowane malami da irin rabonsa, amma ma'anar ɗaya ce: wanda ya saba kwana biyu yana karatun dare kafin jarrabawa ya wuce, a nan dabararsa ba ta ci.

Duba ƙa'idar fashi da kyau, domin akwai malaman da ke rage maki bayan fashi kaɗan. Idan Sallah za ta faɗo a cikin zango, sanar da malami tun makon farko, ba ranar jajibiri ba. Sannan ka yi lissafin lokaci. A Amurka zango yakan kai mako 15, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kowace awa ɗaya ta aji tana buƙatar awa biyu na karatu a waje. Kwas mai awa uku a mako ke nan yana neman awa shida daga gare ka. Rarraba su a kan kwanakin mako, minti 50 ko awa guda kullum, maimakon ka tara su ranar Lahadi.

Mataki na biyu: daina bi ta Turanci

Wannan ita ce shawarar da na fi so ka riƙe. Littattafan da ake koyarwa da su a Amurka da Ingila an rubuta su ne domin mai jin Turanci, saboda haka suna ɓata shafuka wajen bayanin abubuwan da ke ba Bature wuya. Da yawa daga cikinsu kai kana da su a bakinka tun kana goye.

Ɗauki jinsin suna. Bature yana mamakin yadda tebur ko gida zai zama namiji ko mace. Bahaushe kuwa ya san riga ce, wando ne. Har ma ƙa'idar ta yi kama: a Sifaniyanci yawancin sunayen da suka ƙare da -a mata ne, kamar a Hausa. Kuma kamar yadda gida da ruwa da nama suka ƙare da -a amma maza ne, haka el día, wato yini, da el problema, da el mapa suka bijire wa ƙa'ida. Sai dai kada ka ɗauka jinsin zai dace kalma da kalma. Rana mace ce a wurinmu, wata namiji. A wurinsu el sol namiji ne, la luna mace. Saboda haka kowace sabuwar kalma ka haddace ta tare da el ko la ɗinta.

Haka batun ser da estar, waɗanda Turanci ya haɗe su a fi'ili ɗaya. Es médico, likita ne. Está en casa, yana gida. Inda za ka ce "ne" ko "ce" domin faɗin ko wane ne mutum, galibi ser ne. Inda kake faɗin wurin da yake ko halin da yake ciki yanzu, estar ne. Ba ya aiki ɗari bisa ɗari, amma zai kai ka nesa.

Akwai kuma garaɓasa. Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar Sifen ta yau, wato Andalus, daga 711 zuwa 1492, kuma Larabci ya bar dubban kalmomi a harshen. Azúcar sukari ne. Aceituna zaitun ne. Hasta ita ce "hatta" da muka sani, tana nufin "har". Alcalde, magajin gari, tushensu ɗaya da alƙali. Idan kuma ka ji an ce fulano, ba Bafulatani ake nufi ba, "wane" ake nufi.

Wanda ya yi makaranta da Faransanci a Nijar ko Kamaru ko Chadi yana da wata riba a kan wannan, domin tsarin fi'ilan harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne. Matsalarsa ita ce kalmomin Faransanci za su riƙa kutso masa cikin jimla ba sallama.

Mataki na uku: kama manyan duwatsu biyu na nahawu

Za a bi ta kan abubuwa da dama, por da para, wakilan suna irin su se lo, sigar umarni. Amma abu biyu ne ke raba masu ci da masu faɗuwa.

Na farko shi ne shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, pretérito da imperfecto. Ayer fui al mercado, jiya na je kasuwa: pretérito ke nan, aiki ne da ya faru ya ƙare. Cuando era niño, iba al mercado con mi abuela, lokacin da nake yaro nakan je kasuwa da kakata: imperfecto ke nan, al'ada ce da yanayi. To ka gani, "na je" a gefe guda, "nakan je" da "ina zuwa" a ɗaya gefen. Leía cuando se fue la luz, ina cikin karatu aka ɗauke wuta. Imperfecto ke shimfiɗa tabarma, pretérito ya zo ya zauna a kai. Wasu fi'ilan ma ma'anarsu ke juyawa: sabía na sani ne, supe kuwa na samu labari, no quería ba na so, no quise na ƙi. Hanyar da ta fi kowace ita ce ka rubuta jimla biyar kowane dare a kan yadda yininka ya kasance, ka tilasta wa kanka amfani da sigogin biyu.

Na biyu shi ne subjuntivo, wato sigar fata, dodon ajin. Za ka ji abokan karatu suna kuka da shi, alhali kai kullum kana yin irinsa. Kwatanta "ka zo jiya" da "ina so ka zo". A ta farko zuwan ya tabbata, a ta biyu fata ne kawai, kuma a baki ma ba iri ɗaya muke furta "ka" ɗin ba. Haka Sifaniyanci: quiero que vengas, ina so ka zo. Para que entiendas, domin ka gane. Antes de que salgas, kafin ka fita. Ojalá que llueva, Allah ya sa a yi ruwa, kuma ita kanta ojalá daga Larabci ta fito, da sunan Allah a cikinta. Duk inda Hausa ke addu'a, ko roƙo, ko umarni a kaikaice, ka sa ran subjuntivo.

Inda kwatancen ke karyewa shi ne wajen shakka da lokaci mai zuwa. No creo que venga, ba na jin zai zo. Cuando llegues, llámame, idan ka iso ka kira ni. A waɗannan Hausa ba ta amfani da sigar fata, su kuwa suna yi, sai dai ka haddace. Gina sigar ba wuya: ɗauki sigar "ni" ta yanzu, cire -o, ka musanya wasali. Hablo ya koma hable, como ya koma coma, tengo ya koma tenga. Shida ne 'yan tawaye: sea, esté, vaya, sepa, haya, dé. Rubuta su ka manna a bangon ɗaki.

Mataki na huɗu: buɗe baki a aji

Makin magana a aji ba na wanda ya fi iyawa ba ne, na wanda ya gwada ne. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu da ita a gaban malami, a nan asara take jawowa, domin malamin zai ɗauka ba ka yi shiri ba ne. Haddace 'yan jimlolin ceto tun makon farko: ¿Cómo se dice...?, yaya ake cewa kaza. ¿Puede repetir, por favor?, a maimaita don Allah. Más despacio, a rage sauri. Idan kalma ta ɓace maka, kada ka tsallaka zuwa Turanci, kewaya ta: es una cosa que sirve para..., wani abu ne da ake amfani da shi wajen kaza. Malamai suna ba da maki a kan wannan kewayen. Ka kuma fara kiran malami da usted, sigar girmamawa, har sai shi da kansa ya ce ka koma tú.

Wajen furuci ka yi sa'a. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma ana karanta su kusan yadda muke karanta boko. Kaɗa harshe a perro, kare, domin a bambanta shi da pero, amma, abu ne da Amurkawa ke shan wahalarsa, kai kuwa ka saba. Naka ciwon shi ne p da f. Ni da kaina na taɓa tsayawa gaban aji ina bayanin wata gada, puente, ashe tun daga farko har ƙarshe fuente nake cewa, wato maɓuɓɓugar ruwa, ajin yana ta mamakin yadda motoci ke bi ta kai. Ka riƙa maimaita pila da fila, puente da fuente, kana naɗar muryarka a waya kana saurara.

Kunne kuma sai da abinci. Idan kai mai kallon Real Madrid ko Barcelona ne, nemi sharhin wasan da Sifaniyanci. Labaran RTVE, tashar ƙasar Sifen, ma suna nan a intanet. Minti goma a rana ya isa, ko da rabin abin ya wuce ka. Kada ka rikice idan ka ji vosotros a bakin mutumin Madrid, ustedes a bakin ɗan Meziko, duka da ma'anar "ku", ko vos, wato "kai", a bakin ɗan Ajantina. Bi wanda malaminka ke bi.

Mataki na biyar: rubuta insha'i da hannunka

Galibi ana rubuta insha'i sau biyu. Ka miƙa na farko, malami ya ja layi a ƙarƙashin kurakurai da 'yan alamomi ba tare da ya gyara maka ba, kai ka gano gyaran ka sake miƙawa. Kada ka rubuta da Hausa ko Turanci sannan ka fassara. Fara da Sifaniyancin da kake da shi, gajerun jimloli, ka ɗaure su da sin embargo, además, por eso, aunque.

Manhajar fassara kuwa, ka yi nesa da ita a aikin da za a ba maki. Jami'o'i da yawa suna lissafa ta cikin satar amsa, kuma gane ta ba wuya: ɗalibin da jiya ya kasa haɗa jimla a aji, yau ya kawo sigar fi'ilin da ba a koyar ba tukuna. Ƙamus ya halatta. Na Real Academia Española, hukumar da aka kafa a 1713 domin kula da harshen, kyauta ne a intanet.

Sa allon rubutun Sifaniyanci a wayarka da kwamfutarka, domin 'yan alamomin nan ba ado ba ne. Hablo ina magana, habló ya yi magana. Año shekara ce, amma idan ka manta da 'yar igiyar da ke kan ñ, ka rubuta kalmar da ba a faɗa a gaban surukai. Mu da muka san tazarar da ke tsakanin ƙafa da kafa bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan wannan ba. Kafin ka miƙa, bi takardar sau uku: sau ɗaya domin jinsi, sau ɗaya domin fi'ilai, sau ɗaya domin alamomi.

Mataki na shida: jarrabawar baka da abin da ke bayanta

Sau da yawa bibbiyu ake shiga, a ba ku yanayi ku tattauna na 'yan mintoci. Kada ka haddace jawabi, domin tambaya ɗaya daga malami za ta rushe shi. Ku zauna da abokin shigarka ku yi ta hira a kan batutuwan da aka bi a zangon. Koyi kalmomin jan lokaci, pues, bueno, a ver, su ne "to" da "wato" ɗinsu, sun fi shiru. Kuma kowane malami yana da awannin da yake zama a ofis domin ɗalibai. Je ka da insha'inka da aka ja wa layi, tun kafin tsakiyar zango.

Idan ka gama kwas na biyu kana son shaidar da za a karɓa a wajen jami'arka, akwai jarrabawar DELE da cibiyar Instituto Cervantes ke shiryawa. Tana gwada karatu, sauraro, rubutu da magana, kuma takardarta ba ta tsufa, saɓanin ta wata jarrabawar, SIELE, mai wa'adin shekara biyar. Yi rajistar matakin B1 a zama mafi kusa da ƙarshen zangon, tun subjuntivo yana da ɗumi a kanka.