Yadda ake rainon inabin Shiraz cikin zafin Barossa

Kwarin Barossa yana jihar Kudancin Ostiraliya, kimanin kilomita 60 arewa maso gabas da birnin Adelaide. A can ruwan sama tare yake zuwa da hunturu, lokacin nunar inabi kuwa rana ce ƙwal da bushewar iska. Abin da ya ɗaga sunan yankin shi ne Shiraz, baƙin inabi mai ƙananan 'ya'ya da ya samo asali daga kwarin Rhone na Faransa, wanda ake yin jan giya mai kauri da shi. A gonar Langmeil akwai itatuwan da aka dasa tun 1843, har gobe suna 'ya'ya, domin ƙwaron filoksera da ya cinye saiwoyin inabin Turai bai taɓa shiga jihar ba.

Zafi yana sa zaƙi ya riga launi da ƙamshi nuna, don haka aikin manomi duka na rage wa inabin gaggawa ne.

Fara da aski. Tsakanin Yuni da Agusta, wato hunturun can, bayan ganye ya zube, a datse rassan bara, a bar ido biyu a kowane gungume. Itacen da aka bar wa kaya fiye da ƙarfinsa ba ya nunar da su daidai.

Sai ruwa, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Da zarar 'ya'ya sun ƙulla, a rage ban ruwa, a koma ɗigo-ɗigo ta siririn tiyo. Ƙishirwa 'yar kaɗan takan sa ƙwayar ta tsaya ƙarama, ɓawonta ya yi yawa a kan ruwanta, launi kuwa a ɓawo yake. Amma in an yi hasashen zafi mai tsanani, kwana ɗaya ko biyu kafin ya sauka a ƙosar da gonar, kada a jira sai ganye ya yanƙwane. A shimfiɗa karan alkama a gindi don ƙasa ta riƙe laima.

Kada a tsige ganyen ɓangaren yamma. Ranar la'asar ce ke ƙona nonon inabi: gefen da ta buga ya koma ruwan ƙasa, ya motse, ya yi ɗaci. Wasu na fesa farar ƙasa da aka dama da ruwa don ta mayar da hasken. A ganina wannan darasi na inuwa da ruwa zai amfani masu noman inabin ci a Kudan ta jihar Kaduna, ko da yake irinsu daban ne.

Girbi yakan faɗo tsakanin Fabrairu da Afrilu. Na'urar auna zaƙi ba ta isa ita kaɗai ba. A tsinki ƙwaya a tauna: in ƙwallon ya yi ruwan ƙasa yana ƙaras a haƙori, ɓawon kuma ya daina ɗaure baki, lokaci ya yi. Shiraz yana saurin motsewa a ƙarshen nuna, jinkirin 'yan kwanaki sai ya zama zabibi a kan reshe. Shi ya sa ake tsinka da dare ko da asuba, tun yana da sanyi.

Daga nan masu giya ke karɓa. Sukan murje 'ya'yan, su bar ruwan tare da ɓawon mako ɗaya zuwa biyu har ya rine, sannan a tace a zuba cikin gangunan katako na tsawon shekara ɗaya ko biyu. Ƙarfin barasarta yakan kai kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari, gwargwadon zaƙin da rana ta tara.